Sauyin Yanayi: Wa Zai Ajiye Hoton Gonakin Kano?

Hotunan da ake nuna mu da su idan ana maganar sauyin yanayi ba su wuce uku ba: ƙasar da ta bushe ta tsattsage, mushen saniya a kan rairayi, da yaro riƙe da jarka yana kallon mai ɗaukar hoto. Su ne a bangon rahotannin ƙungiyoyi, su ne a allon taruka a manyan otal-otal, su ne kuma matasanmu ke kwafowa su manna duk lokacin da suka tashi wayar da kai kan muhalli. Sau da yawa ba a faɗin garin da aka ɗauki hoton, balle wata ko shekara. Ko na Somaliya ne, ko na Indiya, an dai rubuta Arewacin Najeriya a ƙarƙashinsa, shi ke nan.

Yau waya mai kyamara ta shiga kowane ƙauye, kuma buɗe shafi a intanet bai fi ƙarfin ɗalibin jami'a ba. Don haka lokaci ya yi da za mu mallaki shafin hotunan muhalli na kanmu. Ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari, amma da sharaɗi. Idan za a gina irin wannan shafi domin karkarar arewacin Kano, wato Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa, Minjibir, Dawakin Tofa da maƙwabtansu, to ya zama rumbun shaida: wuri ɗaya a ɗauke shi a maimaita shekara da shekaru, da kwanan wata, da muryar mai gonar, cikin Hausa. Idan kuwa baje kolin ban tausayi za a yi, gara a bar kuɗin a aljihu.

Dalilina na farko shi ne ita kanta ƙasar. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko ta Bichi ya san babu daji a nan. Gona ce ta haɗe da gona, gida bayan gida, da bishiyoyi tsaye a tsakiyar shuka. Tun 1851 da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano ya tarar da karkarar a nome, cike da mutane. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki a farkon shekarun 1960, ya kuma gano cewa tun a lokacin fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta duk shekara ba hutu. A lissafin littafi, ƙasa mai rairayi da ake yi wa haka ya kamata ta mutu tuntuni. Ba ta mutu ba, saboda manomin nan yana ciyar da ita. Tumaki da awaki a turke suke duk damina, ana kai musu ciyawa da harawa, takinsu kuma yana komawa gona. Da bazara za ka ga jaki da mangala, ko kura, ko a-kori-kura, ana sauke taki tsibi-tsibi a jere a fili. A gona guda gero ne da dawa da wake da gyaɗa, kowanne da lokacinsa, idan wannan ya ƙi wancan ya yi. Binciken da aka yi a Tumbau ta ƙaramar hukumar Gezawa a shekarun 1990 ya bi diddigin wannan zagaye na taki, harawa da dabba, ya nuna shi ne ƙashin bayan noman yankin.

Mutanen nan sun ga fari iri-iri. Kakanninsu sun ga yunwar Kakalaba ta 1914. Iyayensu sun ga farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, da farin 1983 da 1984. Suna nan a gonakinsu. Shafin da zai nuna su a matsayin bayin Allah da hamada ta ci da yaƙi, suna jiran agaji, ya yi musu ƙarya, ya kuma ɓoye wa duniya abin da ya kamata ta koya daga gare su.

Dalili na biyu shi ne hoto guda ɗaya yana iya yaudara ko da ba a taɓa shi ba. Ana cewa gani ya kori ji, amma a ƙasarmu sai an tambayi wane wata aka yi ganin. Je gonar gero a Kunchi cikin Maris. An kwashe kara, dabbobi sun share abin da ya rage, iska tana ɗaga ƙura, babu ko tsinken kore a ƙasa. Koma gonar nan cikin Agusta, gero ya fi tsayinka, wake ya rufe kunya. Wanda ya ɗauki ta Maris ya rubuta kwararowar hamada a ƙarƙashinta, kamar mutumin da ya je kasuwar Ɗambatta ranar da ba ta ci ba ne, ya ɗauki rumfuna wayam, ya dawo yana cewa kasuwa ta mutu.

Gawo ma ya isa misali. Shi kaɗai ne a bishiyoyinmu yake zubar da ganye da damina, ya fitar da sabo da rani. Baƙon da ya gan shi tsirara a tsakiyar marka, komai kewaye da shi kore shar, zai rantse ya bushe. Manomi kuwa ya san wannan ɗabi'ar ce ta sa ake son sa a gona: ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa abincin dabba ne a lokacin da babu ciyawa, kuma dawar da ke gindinsa ta fi ta nesa kyau. Haka kuka da aka sassabe wa rassa, ba lalacewa ta yi ba, miyar gidan ce aka shanya. Kyamara ba ta san wannan ba. Sai mai gonar ya faɗa.

Maganin wannan yaudara sananne ne, kuma an gwada shi a Afirka. A gundumar Machakos ta Kenya, jami'an mulkin mallaka sun ɗauki hotunan tsaunuka a shekarun 1930 don nuna yadda zaizaya ta gama da ƙasar. Bayan kusan shekara 60, Mortimore da abokan aikinsa Mary Tiffen da Francis Gichuki suka koma wuraren, suka tsaya inda masu hoton farko suka tsaya, suka sake ɗauka. Jama'a sun ninka kusan sau biyar, amma tsaunukan da suke tsirara sun cika da gonaki masu matakala da bishiyoyi. Littafin da suka fitar a 1994 ya girgiza tunanin masana da yawa, kuma hotunan nan biyu-biyu sun fi kowane jadawali shiga zuciya.

Kusa da mu ma an yi. A Maraɗi, tun 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoma kan barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi duk shekara, abin da ake kira sassabin zamani. Shekaru suka shuɗe duniya ba ta san girman abin da ya faru ba, sai da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka da Chris Reij suka jera hotunan sama na 1975 da na farkon shekarun 2000. Daga nan aka ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar, musamman a Maraɗi da Damagaram, sun raya bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da babu tsohon hoto mai kwanan wata, da har yau ana musu.

Kada a ɗauka ina cewa lafiya lau ake a karkarar Kano. Sauyin yana nan, sai dai ba irin wanda ake zuwa nema da kyamara ba ne. A 1990 wasu masana, yawancinsu daga sashen labarin ƙasa na Jami'ar Bayero, sun fitar da bincike kan itacen girki a Kano. Sun gwada hotunan sama na 1972 da na 1981, suka tarar bishiyoyin gonakin da ke kewaye da birni ba su ragu ba duk da fari, domin itacen da birni ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa motoci ke kawo shi, manomi kuma yana tattalin na gonarsa. A 2018 Muhammad Usman da Janet Nichol suka sake dubawa da hotunan tauraron ɗan'adam, suka ga adadin bishiyoyi ya ma ƙaru. Amma da aka tambayi manoma, sai suka ce bishiyoyi suna ƙarewa. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya ƙaru yawanci darbejiya ce, baƙuwa daga Indiya, mai saurin girma da jure fari. Abin da ke raguwa su ne na gado, irin su ɗorawa, kaɗanya da ɗinya, waɗanda ake ci ake sayarwa. Daga sama kore kore ne. A tukunya kuwa akwai bambanci, domin mai daddawar da a da take samun kalwa a gonar gidansu, yanzu sai ta saya da tsada ko ta koma waken suya. Wannan shi ne hoton da nake son gani a shafin: tabarmar shanya, hannun mai daddawa, da bayaninta da bakinta kan inda kalwa take zuwa yanzu.

Ruwan sama ma ya sake hali. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 damina ta farfaɗo, amma ta dawo da wani salo. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Manomi ya san haka ba tare da mujalla ba. Ruwan mako uku ya sauka a dare ɗaya, ya ruguza katangar ƙasa, ya yanke hanya, ya buɗe kwazazzabo a gona, sannan sama ta ɗauke har shuka ta fara naɗe ganye. Wanda ya yi binne ya sake shuka, wani sau biyu. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya, ta yi mummunar ɓarna a maƙwabciyarmu Jigawa. Zafin da aka sha a azumin 2024, lokacin da ma'auni ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, kowa yana iya tuna shi. Irin wannan sauyi ba ya fitowa a hoto ɗaya. Bakin kwazazzabon da ya matso kusa da tsamiya da taku biyar cikin shekara uku, sai an jera hotuna uku za a gan shi.

To yaya za a gina shafin? Aikin yana farawa ne a gona kafin a taɓa kwamfuta. A zaɓi wurare tsayayyu a kowace ƙaramar hukuma, masu alamar da ba ta gusawa: rijiyar gari, filin Idi, tsohuwar kuka, gada, bakin madatsar Watari a Bagwai, ta Tomas, ta Gari a Kunchi, ta Jakara a Minjibir. A kafa ɗan turken siminti inda mai hoto zai tsaya. A ɗauka sau huɗu a shekara: ƙarshen rani, bayan tsiro, tsakiyar marka, da kaka, ana fuskantar gefe ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Kowane hoto ya zo da sunan ƙauye, kwanan wata, sunan wanda ya ɗauka, da muryar minti ɗaya ko biyu ta mai gonar: yaushe ya yi shuka, wane iri, sau nawa, mangala nawa ya zuba, dami nawa ya samu. A rijiya a ɗauki igiyar guga a miƙe a ƙasa, a ƙirga gaba nawa ce, a nuna ƙullin da aka yi inda aka ƙara mata tsayi. Wannan ba ya buƙatar kyamarar miliyoyi. Wayar malamin makarantar sakandare ko ta malamin gona na hukumar noma ta jiha, KNARDA, ta isa. Ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi suna iya riƙe wurare a ƙauyukansu.

Shi kansa shafin ya zama marar nauyi. Masu gina shafuka suna son hoto ya cika allo, bidiyo ya tashi da kansa, rubutu ya riƙa yawo. Wannan ado ne na mai intanet ɗin ofis. Mutumin Makoɗa da ke sayen data ta kwana ɗaya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ba zai jira ba. Hoton waya mai nauyin megabait huɗu ana iya matse shi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma ba tare da ido ya ga bambanci a ƙaramin allo ba. A nuna ƙaramin, a ajiye babban ga mai bincike. Hausa ta zama harshen farko, Turanci ya biyo baya, kuma a tabbata ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, kada kaɗanya da ɗorawa su koma akwatuna. Kowane bayani ya kasance da maɓallin saurare, domin da yawa daga masu gonakin ajami suke karantawa ko kuma kunne suka dogara da shi. A iya nemo hoto da sunan ƙauye, da shekara, da sunan bishiya. A kuma sauƙaƙa tura hotuna biyu a jere ta WhatsApp, domin nan ne jama'a suke. Facebook da Instagram suna da amfani wajen jawo ido, kuma Fati Abubakar ta nuna haka da hotunan rayuwar yau da kullum a Maiduguri a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai bam. Amma kafar sada zumunta ba ma'ajiya ba ce. Hoton bara ya nutse, kuma kamfanin wani ne, ranar da ya ga dama ya rufe.

Akwai maganar mutunci. A karkarar Kano ba a shiga gari da kyamara sai an gaida dagaci ko mai unguwa, ba a kuma shiga gida sai da izinin maigida da na matan da za a ɗauka. Aikin mata, su daddawa, man gyaɗa, kiwon turke da girki, rabin labarin ne, kuma mace ce ya dace ta ɗauke shi. A gaya wa mutum ƙarara cewa hotonsa zai shiga duniya, idan ya ce a ɗauki hannu ban da fuska, a yi hakan. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma kunya da amana sun riga ta. Haka kuma a yi hattara da nuna ainihin wurin da garken mutum ko rumbunsa yake, musamman a ƙauyukan da ke iyaka da Katsina inda tsaro ya taɓarɓare. Sunan ƙauye ya isa ga jama'a, cikakken ma'aunin wuri ya tsaya a hannun masu ajiya.

Sai gaskiya wajen rubuta bayani. Ba duk abin da ya lalace ne sauyin yanayi ya lalata ba. Gonakin Ungogo da Dawakin Tofa da suka koma filayen awon igiya, birni ne ya cinye su. Rafin da ya zurma saboda tifofin yashi, mutane ne suka haƙe shi. Gonar gado da aka raba wa 'ya'ya takwas har ta koma kamar lambu, yawan jama'a ne. Tsadar buhun takin zamani kuma siyasa ce da darajar naira. Idan aka ɗora komai a kan yanayi, an wanke masu laifi na gida, an kuma ba masu musu ƙofar ƙaryata sauran. Shafin da ke rarrabe wannan da wancan shi za a yarda da shi.

Na san abin da wani zai ce: manomin da ke neman taki da iri, me hoto zai tsinana masa? Tambaya ce mai nauyi, kuma hoto ba ya cika rumbu. Amma a duba inda kuɗi suke tafiya. Shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 yana da hukuma sukutum a Najeriya tun 2015, kuma Kano tana cikin jihohi 11 da yake aiki. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya dala miliyan 700 ne ga jihohin Arewa 19 da Abuja. A taron yanayi na 2022 a Masar an amince da kafa asusun biyan asara ga ƙasashen da sauyin ya fi cutarwa. Duk waɗannan ana raba su ne bisa hujja, ana kuma auna nasararsu da hujja. Mun saba ganin hoton ranar dashe: babban mutum da babbar riga, shebur sabo, ɗan tsiro a leda. Hoton wurin bayan shekara uku ne ba mu cika gani ba. Shafin da ke komawa wuri ɗaya duk shekara zai nuna wace shuka ta rayu, wacce awaki suka cinye, wace rijiyar burtsatse ke ba da ruwa, wacce ta zama turken jaki. Wannan makami ne a hannun talaka, kuma shi ya sa bai kamata shafin ya zama mallakar hukumar da ake auna aikinta ba.

Babbar barazanar ita ce mutuwar shafin. Shafukan ayyuka da yawa suna rayuwa ne iya tsawon tallafi. Kuɗi ya ƙare, ba a sabunta rajistar suna ba, yaron da ya san kalmar sirri ya tafi bautar ƙasa, aikin shekara uku ya bi iska. Alhali darajar irin wannan rumbu sai ya tsufa take fitowa. Don haka tun ranar farko a nema masa gida mai daɗewa. Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ta dace da riƙon amanar, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa ta ajiye kwafi, a kuma zuba waɗanda masu su suka yarda a Wikimedia Commons, inda masu rubuta Wikipedia ta Hausa za su same su. A nemo tsofaffin hotuna tun kafin gara ta gama da su: na sama da ke ma'aikatu, na gidajen hakimai, na tsofaffin malaman gona, har da na biki, domin bayan ango da abokansa sau da yawa akwai bishiyar da yau babu ita. Hotunan tauraron Landsat, waɗanda suka faro daga 1972, kyauta ne tun 2008, ana iya jera su kusa da na ƙasa. Sannan sau ɗaya a shekara a wanke hotunan a takarda, a kai su makarantar firamare ko kasuwar garin da aka ɗauke su, masu gonakin su gani, su gyara bayanin da aka yi kuskure.

Kirana ga Jami'ar Bayero, da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano, da matasan da ke da waya da sha'awar wannan aiki: kada a jira tallafin waje, kada a jira babban taron ƙaddamarwa. A zaɓi wurare goma a ƙaramar hukuma ɗaya, a nemi izinin masu su, a kafa turaku, a ɗauki hoton farko kafin ruwan bana ya sauka, a rubuta kwanan wata. Shafin yana iya zuwa daga baya, amma hoton shekarar da ta wuce ba a ɗauka ba, babu kuɗin da zai dawo da shi.